Kwantaccen Cikin Mas'uda

Liman bai ɗaga murya ba sa'ad da ya ƙi ɗaura auren. Ya gaya wa Is'haƙa cikin natsuwa cewa matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ciki ba ta fita idda sai ta haihu, ko da cikin ya yi shekaru a kwance. Uwar mamacin da ungozomar unguwa sun zo gabansa sun shaida cewa Mas'uda na ɗauke da ciki, saboda haka ba zai shafa fatiha a kanta ba. In su biyun suka janye shaidarsu, likita kuma ya ce babu ɗa, to a kawo goro ko gobe ne.

Is'haƙa ya yi godiya, ya sa takalmansa ya fita.

Mutumin Isa ne, mai gyaran injin ban-ruwa, ya ɗan haura shekara arba'in. Matarsa ta rasu wajen haihuwa tun da daɗewa, yayarsa Saude ce ta riƙe masa 'ya'yan. Duk ranar kasuwar Sabon Birni yakan zo ya shimfiɗa buhu a bakin layin masu abinci, manoman fadama su kawo masa injinan da suka ƙi tashi. A nan ya ga Mas'uda tana tuyar masa, a nan kuma ya yanke a ransa ita zai aura.

Mijin Mas'uda, Jibrilla, 'yan bindiga ne suka harbe shi a gonarsa ta Gatawa, ana cikin shekara ta uku ke nan. 'Yan'uwanta suka tsallaka Nijar, ita kuwa ta biyo surukarta, Inna Tasalla, suka kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Sabon Birni. Jibrilla kaɗai ne ɗan da ya rayu wa tsohuwar, kuma bai bar baya ba, domin duk cikin da Mas'uda ta yi masa zubewa ya yi.

Tana cikin takaba ta ji wani abu mai tauri a mararta. Ungozoma ta lalluba, ta ce ciki ne, firgicin harbi ya sa ya kwanta, jinin da ke zubo mata babu ƙa'ida kuwa shi ke hana shi tashi. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa a ƙasar ya taɓa jin labarin wata da cikinta ya kwanta, daga baya ya motsa ta haihu.

Tun daga ranar Inna Tasalla ta daina kuka. Kowace safiya takan ɗora tafin hannunta a marar Mas'uda ta yi addu'a, ta ce da abin da ke ciki ya yi haƙuri ya tashi, gari ya yi lafiya. Ta hana ta ɗaukar tulu, ta hana ta surfe. In nama ya shigo gidan, tsokar ta Mas'uda ce, ƙashin na tsohuwar. Babu jiƙon tada ciki da aka ambata mata wanda ba ta nemo ba. Mas'uda ta yi ta sha, wani lokaci don ta yarda, wani lokaci don ba ta iya kallon idon tsohuwar ta ce a'a.

Akwai kuma Illo, ɗan ƙanen Inna Tasalla, ɗan kabu-kabu, wanda ya daɗe da cewa shi zai jira komai daɗewa, in an haihu ya auri Mas'uda, ɗan ɗan'uwansa ya tashi cikin dangi. Ranar da labarin Liman ya bazu, ya tsaya da babur ɗinsa a gaban buhun Is'haƙa yana murmushi.

"Malam mai gyara, na ji an ce Liman ya ƙi tashi shi ma. Ciki ba injin ban-ruwa ba ne da za ka kwance ka ga mi ke ciki. Ka koma Isa, mata ba su ƙare can ba."

Is'haƙa ya ce masa ya ji, amma ya gyara tsayuwa, yana take masa igiyar inji.

Ba a daɗe ba abin ya canza. Wata rana da hantsi Mas'uda ta miƙe daga gaban tanda, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a kan ƙasa, zaninta ya jiƙe da jini. Matan kasuwa suka kai ta wani ɗan asibiti da ke da na'urar hoton ciki. Ma'aikacin ya shafa mata mai mai sanyi a mara, ya yi ta yawo da kan na'urar yana duban allo. Daga ƙarshe ya ce shi bai ga ɗa ba. Ƙari ya gani a jikin mahaifa, ƙanana biyu da babba guda. Ƙananan ba su dame shi ba, amma tsakiyar babban ta hargitse, na'urarsa ba ta isa ta gaya masa ko mai lafiya ne ko mugu ba. Sai an je Sakkwato an yi babban hoto.

Inna Tasalla ta ce yaron bai san aikinsa ba. Ɗan da ya kwanta naɗewa yake yi, ina na'ura za ta gane shi?

Labari ya riga Is'haƙa isa gida. Ya tarar da Yaya Saude zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta amsa sallamarsa da kyau ba. Ta ce da can ta yi shiru ne don tana ganin ciki in ya daɗe zai fito. Yanzu kuwa an ce ƙari, ita kuma ta san abin da likitoci ke nufi in suka ce ƙari suka tura mutum birni. Haka aka ce wa mahaifiyarsu, daga baya aka ce ciwon daji ne. Ita ta yi jinyar, ita ta wanke miki, ita ta riƙe ta lokacin da ko ruwa ba ya wucewa, shi yana can yana koyon gyara. Ta riga ta yi magana da maƙwabtansu a kan 'yarsu Zainab, lafiyayya, mai son yaransa.

"Ƙanena, ba ƙinta nike yi ba, Allah shi ne shaida. Amma ka binne mace guda, ni na binne uwa. Ba ni iya sake shimfiɗa wannan tabarmar cikin gidan ga."

Ta faɗi haka hawaye na sauka cikin tiren shinkafar. Is'haƙa ya durƙusa a gabanta, ya san babu ƙarya a maganarta.

Da kasuwa ta zagayo ya je gidan hayar bayan la'asar. Mas'uda ta fito zaure ta zauna a gefen tabarma, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta rame, leɓenta ya yi fari. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Sai ta ce masa labarin Zainab ya iso ta, kuma ita tana ganin shawara ce mai kyau.

Ya tambaye ta ko ta gaji da shi ne.

"Malam, ka duba lamarina da idon basira," in ji ta. "In ciki ne, ni ba taka ba ce sai ran da Allah ya tada shi. In daji ne, ni ba ta kowa ba ce. Ta ina kake son ka shigo?"

"Akwai na uku. Yaron ya ce yana yiwuwa ƙari ne mai lafiya."

"Ya ce bai sani ba."

"Shi ya sa za mu tahi inda anka sani."

Ta sunkuyar da kai ta yi kuka mai yawa, marar sauti, don kada a ji daga cikin gida. Da ta sarara ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce tun bara ta daina yarda ciki ne. Ta yi ciki a baya, ta san yadda yake motsi. Wannan abu kamar dutse yake, ba ya juyi, ba ya shura. Amma duk safiya in tsohuwar ta ɗora hannu a kai tana yi masa magana, sai ta ga in ta buɗe baki kamar ita ce ta sake harbin Jibrilla. Matar nan ta ciyar da ita da hannunta a lokacin da ta kasa ci, ta kwana da yunwa don ita ta ƙoshi. Saboda haka ba za ta je Sakkwato a ɓoye ba. In Inna ba ta yarda ba, ta haƙura da hoton, ta haƙura da auren.

Is'haƙa ya nemi iso wajen tsohuwar. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa nesa da ita ya gaishe ta. Ya ce bai zo da maganar aure ba yau, maganar jini ya zo da ita. Ko ciki ne ko ba ciki ba, jinin da ke zuba zai iya tafiya da ran Mas'uda, in ta tafi kuwa abin da ke cikinta ma ya tafi.

Inna Tasalla ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce ta ji, za a je. Amma ƙafarta ƙafar Mas'uda. Ta san halin likitocin birni, wuƙa ce a hannunsu, ba za ta zauna nan su yanke jikanta su jefar su ce ƙari suka cire ba. Duk abin da za su gani, ita ma sai ta gani da idonta.

Suka tashi da sassafe. Illo ne ya kai matan tasha, yana ta gunaguni, suka tarar Is'haƙa na can yana jiransu a tafi tare. Motoci suka jira har rana ta ɗaga, aka ce hanya ta yi kyau, sannan suka fita a jere, ba mai yarda ya zama na ƙarshe. Ba wanda ya yi hira sai da suka wuce dajin da ake tsoro.

A babban asibiti aka sa Mas'uda ta cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe, aka kwantar da ita aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya a kwance, wadda suke kira Em-ar-ai. Ƙararta kamar injin niƙa. Can aka yi mata allura a hannu aka sake turawa. Aka hana Inna Tasalla shiga, ta zauna a bakin ƙofar ta ƙi matsawa, duk wanda ya fito sai ta leƙa hannunsa ta ga ko ya ɗauko wani abu.

Washegari aka kira su wajen likitar mata, Likita Rahmatu, wata mai matsakaicin shekaru da tabarau. Ta tambayi ko wane ne namijin. Suka dubi juna. Mas'uda ta ce mai nemanta ne, kuma tana son ya ji komai da kunnensa. Likitar ta ba tsohuwar kujerar da ta fi kusa da allo, ta kunna hotunan.

Inna Tasalla ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce a nuna mata kan.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta sa bakin alƙalami ta zagaya mata mahaifar, ta nuna mata wani siririn layi mai haske da aka ture gefe guda, ta ce nan ne ɗakin da ɗa ke kwana, kuma ga shi a rufe, bango ya haɗu da bango. Abubuwan da ake ji da hannu ba a cikin ɗakin suke ba, a cikin naman bangon suka tsiro. Tsohuwar ta ce ai naɗewa ya yi. Likitar ta ce ko ya naɗe, ko ma ya mutu a ciki tun tuni, ƙashinsa na nan, ƙoƙon kai da gadon baya da haƙarƙari, kuma ba sa ɓuya wa hoto. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, daga sama har ƙasa, a hankali, ta ce Inna ta tsayar da ita duk inda ta ga abin da ya yi kama da ƙashi.

Ba ta tsayar da ita ba. Da hotunan suka ƙare ta ce a sake. Aka sake. Sannan ta koma ta jingina da kujera, ta ɗora hannayenta a kan cinya.

Mas'uda ce ta yi tambayar, da ƙyar aka ji ta.

"Likita, daji ne?"

Likita Rahmatu ta juyo da kujerarta ta fuskance ta. Ta ce za ta gaya mata abin da take dubawa, don kada ta ɗauka lallashi ne. Abu na farko shi ne baki. Ƙarin mahaifa mai lafiya yana da iyaka, kamar goriba da aka binne cikin yashi, kana iya zagaya ta da yatsa ka san inda ta tsaya. Daji kuwa kamar ruwan da aka zuba a kan yashin yake, ba ka sanin inda ya ƙare, yana cin bangon yana shiga maƙwabta. Ta zagaya ƙananan biyu da alƙalami, sannan ta zagaya babban, layin bai yanke ko'ina ba.

Sai kuma naman kansa. A wannan hoton, in ji ta, ƙari mai lafiya baƙi yake fitowa, a cure, zarensa a murɗe kamar ƙwallon zare. Na daji yakan yi haske-haske, dabbare-dabbare, da wuraren da suka ruɓe suka yi jini. Allurar da aka yi mata kuwa don a ga yadda abin ke shan jini ne: mugu yakan zuƙe da gaggawa, nan da yawa can kaɗan. Ta duba shimfiɗar cikin mahaifa, inda dajin mahaifa ya fi farawa, ta same ta siririya yadda ake so. Ta duba kaluluwar da ke kewaye, babu wadda ta kumbura.

Is'haƙa ya ce, a yi masa afuwa, to tsakiyar babban da ta tsorata ma'aikacin can gida fa?

Likitar ta ce ma'aikacin ya yi daidai da ya turo su, domin a ƙaramar na'ura wannan wurin da daji kusan kama ɗaya suke yi. Ta nuna wani fili mai haske a tsakiyar dunƙulen. Ta ce ƙari in ya girma ya fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi, tsakiyarsa takan yi laushi ta narke, kamar kabewar da ta daɗe a rumbu, bayanta lafiya cikinta ya yi ruwa. Akwai wani hoto na daban da ke nuna inda nama ya cushe fiye da ƙima, yadda na daji ke yi, kuma a nan wurin bai nuna haka ba.

"Abin da na gani ya fi karkata nesa ga ƙari mai lafiya," in ji ta. "Mata da yawa na da shi, mugun kuwa kaɗan ne ƙwarai. Amma ba za ni rantse maki a kan hoto ba. Jinin da kike zubarwa ya isa a yi aiki a cire. In an cire za a kai naman a duba, nan ne magana ke ƙarewa. Za ni yi iyakar ƙoƙarina in bar maki mahaifarki, sai dai ban yi alkawari ba, sai na buɗe na gani."

Ta rubuta magungunan ƙarin jini, ta ce a daina jiƙe-jiƙe, a dawo bayan wata guda in jiki ya yi ƙarfi.

A ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin Is'haƙa ya kira Yaya Saude ya gaya mata duka, bai rage ba bai ƙara ba. Ta yi hamdala da gaske. Amma ta ce tunda likitar da kanta ta ƙi rantsuwa, shi ma kada ya rantse. A jira a yi aikin, a ji sakamakon naman, a ga ko an bar mahaifar. In komai ya yi kyau ita da kanta za ta kai kayan. Mas'uda na tsaye kusa, ta ji. Ta ce Yaya ta yi gaskiya, haka za a yi, ita ma ba ta son ta shiga gidan mutum da abin da ba a san kansa ba.

Inna Tasalla ba ta yi magana a mota ba, ba ta taɓa abincin da aka saya mata ba. Da suka iso gida ta kwanta ta juya fuska ga bango. Da safe Mas'uda ta zauna a bakin gado tana jira kamar kullum, tsohuwar ta tashi ta yi alwala ta wuce ta.

Illo ya zo da hantsi, ya tarar da Is'haƙa a zaure, domin a garin ya kwana wajen wani abokin sana'arsa. Inna Tasalla ta ce su shigo su biyun. Illo ya fara magana tun bai zauna ba. Ya ce likitoci mutane ne, suna kuskure. An ba shi labarin wani malami a Gangara da ya tada cikin da ya fi wannan daɗewa, babur ɗinsa na ƙofa, ko yanzu sai su tafi. Inna kada ta bari hoto ya raba ta da jikanta.

Duk suka dube ta. Kalma ɗaya za ta faɗa shaidarta ta zauna daram, Liman kuma ba zai motsa ba.

Ta tambayi Illo, in babu ɗa, in kuma aka buɗe aka cire mahaifar gaba ɗaya, yana nan a kan bakansa?

Illo ya sosa ƙeya. Ba mugun mutum ba ne, kuma bai iya yi wa gwaggonsa ƙarya ba. Ya ce shi dai Allah ya sani ɗan Jibrilla yake son ya riƙa, tare suka yi kiwo, tare aka yi musu kaciya. In babu ɗan, to sai ya yi shawara.

Ta juya ga Is'haƙa ta yi masa tambayar, ta ƙara da cewa in kuma naman ya dawo aka ce daji ne fa?

"Inna, shi ya sa nike son a ɗaura kahin aikin," in ji shi. "Jiya likita ta tambayi ko ni wane ne, anka rasa amsa. Ba ni son ranar da za a shiga da ita a sake rasawa. In lahiya ce, mu ci tare. In jinya ce, ni za ni yi ta, ba Yaya ba. Ta yi tata, na kuwa gaya mata haka da asuba."

Mas'uda, da ke zaune a bayan ƙyaure, ta ce ba ta yarda ba. Ta faɗa tana kuka, ta ce tausayi ne ke magana a bakinsa, in wata ya yi wata yana wankin zanin jini zai tuna da Zainab. Ta ce gara ya ji haushinta yau da ya yi nadamarta gobe. Ya ce shi ya san bambancin tausayi da so, ya kai shekarun sani. Ta ce a jira kawai, mene ne a cikin jira, ai ta saba.

"Kin saba, ɗiyata, ni na saba maki," in ji Inna Tasalla.

Shi ne karo na farko da ta yi mata magana tun daga asibiti. Ta ce Mas'uda ta matso. Ta riƙe hannunta, ta ce jiya ba ta runtsa ba, tana ta neman ƙashi a cikin hotunan nan da idon zuciyarta, ba ta samu ba. Ta ce tana jin ta daɗe da sani, tun ranar da ta lura abin ba ya amsa hannunta, amma in ta yarda to ɗanta ya tafi ke nan gaba ɗaya, ba abin da ya bari a duniya sai gonar da ba a iya zuwa. Nan kukan da ta ajiye tun takaba ya ƙwace mata. Mas'uda ta rungume ta suna yi tare. Mazan biyu suka sunkuyar da kai, Illo ya ja bakin rigarsa ya share ido.

Da ta natsu ta ce, "Na tsare ki shekaru kina zubar da jini don abin da babu shi. Yanzu ke kuma kina son ki tsare kanki don abin da likita ta ce da wuya shi ne. Ya isa haka nan. Mutumen ga ya ji komi da kunnenai, bai gudu ba. Kina son shi ko ba ki so?"

Mas'uda ta rufe fuska da mayafi. Sannan ta ɗaga kai sau ɗaya, alamar tana so.

Tsohuwar ta ce a kira yayan Mas'uda a Nijar a gaya masa ya wakilta wanda zai ba da aure. Ta ce wa Is'haƙa maganar Saude kuma ya bar mata, tsofaffin da suka yi jinya sun san yadda suke magana da juna, in hanya ta yi kyau ranar kasuwar Isa za ta je da kanta. Ta ɗauki mayafinta da sandarta. Illo ya ce ta hau ya kai ta duk inda za ta, ta ce da ƙafa ta je ta ba da shaidar, da ƙafa za ta koma.

Ta biya gidan ungozoma. Matar ta so ta yi gardama, ta ce hannunta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Inna Tasalla ta ce nata hannun ma haka ta zata, ta taso kawai su tafi.

Liman na zaune a zaurensa da mutane kaɗan, an idar da azahar. Da ya ga tsofaffin biyu a ƙofa ya sallami mutanen, ya sa aka shimfiɗa musu tabarma daga gefe. Suka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mai jiki. Inna Tasalla ta ajiye sandarta, ta gyara zama.

"Allah gafarta Malam, na zo in karɓe maganar da na kawo maka. Na tahi, na gani da idona. Ɗana bai bar kowa ba." Ta share ido da bakin mayafinta. "Yarinyar ga ta gama iddarta tun tuni. Ka ɗaura mata aure ranar Juma'a."